Jami'ar Amurka ta ɗauke ka amma tallafin bai isa ba: yadda ake neman a sake duba lissafi

Ƙarshen watan Maris da farkon Afrilu ne lokacin da yawancin jami'o'in Amurka ke sakin sakamakon ɗaukar ɗalibai. Wasiƙa biyu ce ke zuwa: ta farko ta ce an ɗauke ka, ta biyu ta faɗi abin da za a taimaka maka da shi da abin da ya rage a wuyan iyayenka. Ta farkon ce ake yi wa guɗa. Ta biyun ce ke hana barci.

Na taɓa zama a zaure da wani dattijo, ma'aikacin gwamnati da ya kusa ritaya, 'yarsa ta miƙo masa waya ya ɗora tabarau a kan hanci yana karantawa. Da ya kai kan adadin da ya rage, sai ya ciro biro ya buga shi da farashin dala a bayan wata tsohuwar takardar kuɗin wuta. Ya daɗe yana kallon abin da ya fito, sannan ya ce, "To, Allah bai yi ba." Yarinyar ta sunkuyar da kai. Babu wanda ya faɗa musu cewa wannan adadi lissafi ne da wani ma'aikaci ya yi bisa bayanan da suka aika watanni baya, kuma ofishin da ya yi shi yana da hanyar sake duba shi. Saboda irin wannan gida na rubuta wannan jagora. Zan yi magana da kai ɗalibi, ke ma ɗaliba da ke nake, domin wasiƙar daga hannunku ya kamata ta fita.

Abin da ya fi cutar da mutanenmu a nan shi ne kunya. An tarbiyyantar da mu cewa wanda aka yi wa kyauta ba ya cewa ta yi kaɗan. Wasu kuma sukan bi ta ɗaya gefen, su ɗauki abin kamar ciniki a Kantin Kwari: a yi tayi, a yi albarka, a juya baya ko za a kira ka. Duk biyun ba sa aiki. Abin da ofishin tallafi ke saurara shi ne mutum ya zo ya ce, ga inda lissafinku ya saɓa da halin da gidanmu yake ciki, ga takardun shaida, ga kuma adadin da zai cike giɓin. Neman haka cikin ladabi da gaskiya ba ya sa a janye gurbin da aka ba ka.

Mataki na farko: warware wasiƙar da kanka

Kada ka yarda da babban adadin da aka rubuta a sama da sunan "jimlar tallafi". Ɗauki takarda ka raba abin gida uku. Akwai kyauta, wato kuɗin da ba za a taɓa biya ba, ko an ba da shi saboda buƙata ko saboda hazaƙa. Akwai bashi, wanda za a biya da ruwa a kai. Akwai kuma aikin cikin makaranta, wanda ba kuɗi ba ne a hannu, dama ce kawai ta ka nemi aiki a ɗakin karatu ko ɗakin cin abinci a riƙa biyanka bisa sa'o'in da ka yi. Mai bizar karatu ta F-1 ba ya wuce sa'o'i 20 a mako idan ana zangon karatu.

Sannan ka nemo cikakken kuɗin shekara: kuɗin karatu, ɗaki, abinci, littattafai, sufuri, inshorar lafiya da ƙananan buƙatu. Cire kyauta kaɗai daga ciki. Abin da ya rage shi ne gaskiyar abin da za ka nemo.

A ce cikakken kuɗin shekara dala 84,000 ne, kamar yadda ya kan kai a jami'o'i masu zaman kansu da dama. An ba ka kyautar 72,500, an sa aikin makaranta na 2,500, an bar wa iyaye 9,000. A ido, ka samu kusan komai. Amma idan dala tana naira 1,500, wannan 9,000 ɗin naira miliyan 13.5 ce, duk shekara, har shekara huɗu. Duba kuma da kyau ko an sa kuɗin jirgi da inshorar lafiya a lissafin, domin inshorar kaɗai takan kai dubban daloli kuma wasu wasiƙun ba sa ambatonta.

Mataki na biyu: san wane irin ɗalibi ne kai a idonsu

Hanya ta rabu biyu a nan.

Idan kai ɗan ƙasar Amurka ne ko kana da katin zama na dindindin, kamar 'ya'yan Hausawan da ke zaune a Bronx ko Shikago, to ka cika fom ɗin FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, kuma doka tana bayanka. Dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ta bai wa jami'in tallafi na kowace makaranta ikon ya gyara bayanan da aka yi lissafi da su idan ya ga hujja, ɗalibi bayan ɗalibi. Wannan iko yana da muhimmanci domin FAFSA da kuɗin shigar shekara biyu baya take aiki: mai shiga a zangon 2025 zuwa 2026, da harajin 2023 aka auna shi. Idan mahaifinka direban tasi ne da ya yi rashin lafiya a bara ya ajiye mota, fom ɗin bai san da wannan ba sai ka faɗa. Gyaran zai iya buɗe maka tallafin Pell, kyautar gwamnatin tarayya ga ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, wanda mafi girmansa a zangon 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ne. Ka kuma sani cewa tun zangon 2024 zuwa 2025, lissafin gwamnatin tarayya ya daina rage wa iyali nauyi don suna da 'ya'ya biyu ko uku a jami'a lokaci guda. Idan haka gidanku yake, rubuta shi a wasiƙar, domin makaranta na iya dubawa ta nata ɓangaren. Hukuncin jami'in shi ne na ƙarshe, ba a kai ƙararsa Ma'aikatar Ilimi.

Idan kuwa daga Kano, Zinder, Kumasi ko Garwa kake nema, babu ruwanka da FAFSA ko kuɗin gwamnatin Amurka. Duk abin da za a ba ka daga aljihun jami'ar zai fito, bisa CSS Profile, fom ɗin bayyana kuɗin iyali na hukumar College Board, ko wani fom na ita kanta makarantar. Saboda haka ƙarfin aljihunta shi ne iyakar abin da za ta iya. Jami'o'i irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin suna ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje ba tare da duba talaucinsu ba, kuma sun yi alkawarin cike duk buƙatar da suka tabbatar. A irin waɗannan, aikinka shi ne ka nuna cewa buƙatar ta fi yadda suka auna. Jami'o'in jihohi kuwa ba kasafai suke bai wa baƙo tallafin buƙata ba. A can, ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ita ce ta kyautar hazaƙa, kuma sau da yawa ofishin ɗaukar ɗalibai ne ke riƙe da ita.

Gargaɗi ga ƙannen da ba su nema ba tukuna: kada ku rubuta cewa ba ku buƙatar tallafi don a ɗauke ku da sauƙi, da niyyar ku nema daga baya. Makarantu da yawa ba sa karɓar neman tallafi daga ɗalibin waje da ya ce tun farko zai biya da kansa.

Mataki na uku: fitar da hujjarka

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne ya kamata ka zauna da Baba da Mama a yi magana ta gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Iyaye da yawa ba su taɓa faɗa wa 'ya'yansu albashinsu ba, balle bashin da ke kansu, amma ba za a iya wannan aiki da kintace ba.

Hujjojin da ake karɓa iri biyu ne. Na farko, abin da ya canza tun bayan cika fom: rasa aiki, ritaya, rasuwar mai ɗaukar nauyin gida, mutuwar aure, doguwar jinya da ta ci kuɗi, gobara a kasuwa, ambaliya da ta cinye gona, ko barin gari saboda rashin tsaro. Na biyu, abin da fom ɗin bai iya ɗauka ba tun asali. Wannan na biyun ya fi shafar mu, domin an tsara fom ɗin ne da tunanin gida mai uba da uwa da 'ya'ya biyu.

Gidanmu ba haka yake ba. Albashi ɗaya yakan ciyar da mata biyu, 'ya'ya tara, kaka, da marayun ƙanin uba da aka ɗauko daga ƙauye. Idan ba ka lissafa su da shekarunsu da makarantun da ake biya musu ba, jami'in zai ɗauka albashin na mutum huɗu ne. Haka maganar kadara. Idan ka rubuta cewa kuna da gona ko gida na biyu, za a ɗauka dukiya ce da za a iya sayarwa. Sai ka yi bayani: gonar gado ce da ba a raba ba, magada goma sha ɗaya ne a kanta, kuma daga ita ake samun hatsin da gida ke ci. Hausawan da ke Amurka su ma su ambaci kuɗin da suke aikawa gida duk wata don kula da iyaye, tare da rasit ɗin aikawa. Ba kowace makaranta ke lissafa shi ba, amma wadda za ta lissafa sai ta gani a rubuce.

Sai farashin canji. Kafin watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Bayan Babban Bankin Najeriya ya saki farashin, a watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Uban da ke samun naira miliyan 9.6 a shekara, idan an canza masa a kan 800 lokacin cika fom, zai bayyana da dala 12,000. A kan 1,500 kuwa dala 6,400 ce. Albashinsa bai motsa ba, amma kusan rabin ƙarfinsa ya tafi. Duba farashin ranar da ka cika fom da na ranar da kake rubutu. Idan akwai tazara, hujja ce mai ƙarfi kuma mai sauƙin tabbatarwa. 'Yan Gana sun ga irin wannan da sidi a 2022. 'Yan Nijar, Chadi da Kamaru kuwa, tunda sefa a ɗaure take da yuro, wannan hujja ba ta cika yi musu aiki ba, gara su dogara da sauran.

Idan iyayenka sun rabu kuma mahaifin da ba ka tare da shi ya yanke hulɗa, makarantun da ke amfani da CSS Profile sukan nemi bayanan kuɗinsa shi ma. Ana iya neman a ɗauke maka wannan sharaɗi, da wasiƙar wani da ba ɗan gida ba wanda ya san lamarin: shugaban makarantarku, limami, ko lauya.

Abin da ba ya zama hujja: kuɗin bikin yayarka, sabuwar mota, ginin da ake kan yi, ko cewa ka fi wane ƙoƙari amma an ba shi fiye da kai.

Akwai kuma tayin wata jami'a. Idan makaranta mai daraja ɗaya da wadda kake so ta ba ka abin da ya fi, haɗa kwafin wasiƙarta. Wasu suna dubawa, wasu sun ce a fili ba sa gasa. Ko a wajen masu cewa ba sa gasa, tayin yakan sa a tambayi me waccan ta gani da mu ba mu gani ba. Sai dai ka kwatanta iri da iri: tallafin buƙata da na buƙata, na hazaƙa da na hazaƙa.

Mataki na huɗu: takardu

Kowace magana da ka yi, a samu takarda a bayanta. Ga ma'aikaci: takardar albashi ta watanni uku zuwa shida, wasiƙar sallama ko ta ritaya, takardar fansho. Ga jinya: rasit ɗin asibiti da na kantin magani, da ɗan bayanin likita. Ga rasuwa: takardar shaidar rasuwa. Ga kowa: bayanin asusun banki mai hatimi, da rasit ɗin kuɗin makarantar ƙanne.

Matsalar tana wajen ɗan kasuwa da manomi, waɗanda ba su da takardar albashi. Kada wannan ya tsayar da kai. Bayanin shige da ficen asusu na shekara guda, takardar biyan haraji idan akwai, wasiƙar ƙungiyar 'yan kasuwa, da takardar rantsuwa ta kotu da ke bayyana kuɗin shiga, idan aka haɗa su suna ba da hoto. Ga ɗan kasuwa musamman, bambanta ciniki da riba. Asusun mai sayar da hatsi a Dawanau zai iya nuna miliyoyi suna shiga suna fita, alhali abin da ke zama nasa kaɗan ne. Idan ba ka yi wannan bayani ba, za a ɗauke shi attajiri.

Takardar da ke Hausa, Larabci ko Faransanci a fassara ta zuwa Turanci a haɗa da ta asali. Je shagon kwamfuta a yi maka sikanin mai kyau, kada ka aika hoton da ka ɗauka a kan tabarma da inuwar hannunka a kai. Sa wa kowane fayil suna da lamba.

Kuma don Allah kada a ƙirƙiri takarda, kada a rage adadi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayanan da ka bai wa ofishin tallafi za su haɗu da waɗanda za ka nuna wajen neman biza, kuma ƙarya na iya jawo a janye tallafin da gurbin gaba ɗaya.

Mataki na biyar: tambayi hanya, sannan ka rubuta

Kafin ka aika komai, duba shafin ofishin tallafi na makarantar. Da yawa suna da fom na musamman na neman sake dubawa da wurin ɗora takardu. Idan ba ka gani ba, aika gajeren imel ko ka kira ka tambaya: wace hanya ake bi, waɗanne takardu ake so, yaushe ne wa'adi. Matambayi ba ya ɓata. A watan Afrilu, ƙarfe 9 na safe a New York ƙarfe 2 na rana ne a Kano da Yamai. Rubuta sunan wanda ya amsa maka, ka ci gaba da hulɗa da shi.

Wasiƙar da Turanci za ta kasance, kuma kada ta wuce shafi ɗaya. Jami'in yana karanta ɗaruruwa a wannan wata. Ga ƙashin bayanta, da misalinmu na baya:

Ka fara da sunanka, lambar ɗalibi, da godiya ta gaskiya a jimla ɗaya ko biyu. Ka ce wannan makaranta ce zaɓinka na farko, idan har ita ce. Sai ka shiga magana: an bar wa iyalina dala 9,000 a shekara. Lokacin da muka cika fom, albashin mahaifina na naira miliyan 9.6 ya kai dala 12,000, yau dala 6,400 ne, ga shaida ta 1 da ta 2. Yana ɗauke da mutum goma sha ɗaya, biyar daga ciki suna makaranta, ga shaida ta 3. Bayan mun zauna mun yi lissafi, mahaifina zai iya ba da 1,500 a shekara, kawuna ya yi alkawarin 1,500 a rubuce, jimla 3,000. Ina roƙon a duba yiwuwar ƙarin kyautar dala 6,000. Idan aka samu haka, zan karɓi gurbin nan take.

Wannan jimla ta ƙarshe tana da nauyi, don haka kada ka rubuta ta sai da gaske kake. Kuma ka lura da abu biyu da misalin ya yi. Ya faɗi adadi takamaimai, domin "ku taimaka da abin da ya sauƙaƙa" ba ya bai wa kwamiti abin da zai yanke hukunci a kai. Ya kuma nuna abin da gida zai ɗauka. Iyalin da ya ce ga iyakar ƙarfinmu ya fi samun kunne a kan wanda ya ce ba mu da ko sisi, sai fa idan gaskiyar ke nan.

Bar dogon yabo da kirari irin na wasiƙun neman alfarma. Bar barazanar cewa za ka tafi wata makaranta. Ba wani ya karanta maka kafin ka aika. Masu ba da shawara na EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai jagorantar masu neman karatu a can, a Abuja da Legas sun saba da irin wannan wasiƙa.

Mataki na shida: lokaci

Yawancin makarantu suna son amsarka da kuɗin kafin alƙalami zuwa ranar 1 ga Mayu. Kuɗin tallafi kuma ƙarewa yake yi, saboda haka aika buƙatarka cikin makon da wasiƙar ta zo. Amsa takan ɗauki kwanaki zuwa 'yan makonni. Idan kwana goma ya wuce shiru, tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi. Idan wa'adi ya matso ba a amsa ba, nemi ƙarin lokaci kuma a ba ka shi a rubuce. Kada ka biya kafin alƙalami a makarantu biyu, kuma kada ka saki tayin da za ka iya biya kafin ɗayan ya tabbata.

Wanda aka ɗauka ta tsarin nema da wuri mai ɗaure ɗalibi da alkawarin shiga makarantar idan ta ɗauke shi, wanda sakamakonsa ke fita a Disamba, shi ma yana da damar neman a sake dubawa. Idan bayan haka kuɗin bai isa ba, yana iya neman a sake shi daga alkawarin.

Idan amsa ta zo

Wani lokaci a ba ka duka, sau da yawa a ba ka wani ɓangare, wani lokaci a ce babu. Idan rabi ne ko babu, sauya tambayar zuwa ƙananan abubuwa, domin makarantu kan ware musu asusu dabam: za a iya ɗauke mini inshorar lafiya? Akwai taimakon tikitin jirgi, kwamfuta ko kayan sanyi? Akwai ɗaki mai rahusa? Za a iya raba biyan wata-wata? Tsarin biya wata-wata yawanci ba shi da ruwa, sai ɗan kuɗin rajista.

Maganar ruwa ta kawo mu ga bashi. Iyalai Musulmi da yawa ba za su karɓi bashi mai riba ba, kuma babu laifi ka faɗi haka a fili ka tambaya ko za a musanya shi da kyauta ko ƙarin aiki. Ba dole ne su amince ba, amma kana da ikon ƙin karɓar ɓangaren bashi ka riƙe sauran. Ga 'yan ƙasar Amurka, bashin gwamnati na ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyaye bai wuce dala 5,500 ba. Idan ka ga an cike giɓi da babban bashin iyaye, to giɓin yana nan, suna kawai aka sauya masa.

Kafin ka sa hannu, yi tambayoyi uku a rubuce. Ƙarin da aka yi na shekara ɗaya ne ko na huɗu? Wane maki ake buƙata don ya ci gaba? Idan kuɗin makaranta ya tashi baɗi, tallafin zai bi shi? Idan kuma ka samu wata kyauta daga waje, tambayi ko za a rage ta daga bashi da aiki ne ko daga kyautar makaranta.

Ɗalibin waje ya ajiye wasu kuɗaɗe a gefe da ba sa cikin kowace wasiƙa: dala 350 na rajistar SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, da dala 185 na neman biza. Ɓangaren kyautar da ya wuce kuɗin karatu, kamar na ɗaki da abinci, akan cire masa harajin kashi 14 cikin 100, don haka tambayi ofishin yadda suke yi da shi. Dokokin biza ma sun tsananta tun 2025 ga ƙasashenmu da dama, har an sa Chadi da Sudan cikin jerin waɗanda aka hana shiga a watan Yunin shekarar. Tabbatar da matsayin ƙasarka a ofishin jakadanci kafin ka biya kafin alƙalami, kuma ka tambayi makarantar ko za ta ajiye maka gurbin da tallafin zuwa baɗi idan biza ta gagara.

Da zarar an amince da ƙari, nemi sabuwar wasiƙar tallafi mai ɗauke da sabon adadi, ka aika ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje domin takardarka ta I-20, wadda makaranta ke bayarwa don neman biza, ta fito da lissafin da ya dace da abin da ke asusun Baba da na Kawu. Kwafin duk takardun da ka tara kuma ka adana su wuri ɗaya, a waya da a takarda, domin makarantu da yawa za su sake neman su a watannin farko na shekara mai zuwa.